Ga Iyayenmu Masu Shirin Ajiye Aiki A Ikko: A Duba Unguwa Kafin A Zuba Garatuti

Da wuya a sami ekklesiya a ƙasar Funtuwa da Malumfashi wadda ba ta da mutum a Ikko. Daga Tsiga da Bakori har zuwa Ƙafur, 'ya'yanmu da yawa sun bar garma tun suna samari, waɗansu suka shiga soja, waɗansu ɗan sanda, waɗansu kwastan ko reluwe, waɗansu kuwa gadi a kamfanoni da tashar jiragen ruwa ta Apapa. Su ne muke gani lokacin Kirsimati da sababbin kaya, su ne kuma muke rubuta wa wasiƙa idan rufin majami'a ya fara yoyo. To, ga shi shekaru sun ja. Ma'aikacin gwamnati idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, sai a sallame shi, ɗakin bariki kuwa ba gadon uban kowa ba ne, ana ba ka takardar sallama ana jiran mabuɗi.

A da amsar tambayar nan ba ta da wuya. Mutum ya karɓi garatutinsa, ya ɗaure kaya, ya hau mota zuwa gida, ya gina ɗaki huɗu na kwano kusa da gonar ubansa, ya zama dattijon ekklesiya. Mu kanmu da haka aka yi mana tarbiyya, cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma wanda ya ce har yanzu maganar haka take ba tare da ya numfasa ba, ko dai ba ya nan ƙasar, ko kuwa ba ya son gaskiya. A ranar 11 ga Disamba 2020, ba a kai ga bikin Kirsimati ba, muna cikin shiri, sai ga labarin kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A farkon Fabrairu 2025 kuma, a nan Tsiga, 'yan bindiga suka shiga har gida da dare suka ɗauke Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, wanda ya taɓa shugabantar hukumar 'yan hidimar ƙasa, ya yi kusan wata biyu a hannunsu. Idan janar bai tsira a gidansa ba, me za mu ce wa kofur ko saje wanda kowa a ƙauye ya san ya dawo da kuɗin sallama? Saboda haka iyayenmu da dama sun yanke shawara za su tsufa a can bakin teku. Muna roƙon ekklesiyoyin gida su daina yi musu kallon waɗanda suka yar da asali. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Barzillai, tsoho mai shekara 80, wanda ya ƙi bin sarki Dawuda zuwa Urushalima domin yana so ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa. Littafin nan ɗaya kuma ya nuna mana annabi Irmiya yana rubuta wa waɗanda aka kai Babila cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki. Dukansu biyu bayin Allah ne.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake zaɓen wurin zaman. Ba mu isa mu koya wa iyayenmu rayuwa ba, sun ga jiya sun ga yau. Amma mu ne muke karanta wasiƙun da ake aiko wa ekklesiya, mu ne kuma muke tsayawa a bakin kabari, don haka a yi mana haƙuri mu faɗi abin da muka gani.

Mafi yawan waɗanda suka yi asara, araha ce ta ja su. Mutum ya shekara talatin a barikin Ikeja ko Ojo ko Obalende, bai taɓa biyan haya ba, bai taɓa sayen fili ba, sai wani dillali ya kai shi gefen ruwa a watan Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe, ya nuna masa fuloti a rabin kuɗi. Mu mutanen Arewa ba mu san ruwa ba. Abin da muka sani shi ne damina ta sauka a watan Mayu, ta ɗauke a Oktoba, fadama ta cika ta janye. Ikko kuwa gari ne da aka gina a kan fadama da tsibirai, ruwa yana zuwa masa daga sama, yana zuwa daga teku, yana kuma tsattsafowa daga ƙasa. Daminarsa kashi biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba da Oktoba. A ranar 10 ga Yuli 2011 ruwan kwana ɗaya ya mamaye unguwanni da yawa, rayuka suka salwanta. A Yuli 2017 kuma an ga mutane suna tuƙa kwalekwale a titunan Bictoriya Ailan da Lekki, unguwannin attajirai ke nan fa, masu gidajen bene. Akwai kuma wani ruwan da ba ya jiran hadari. Duk lokacin da aka buɗe madatsar ruwan Oyan a Jihar Ogun, Kogin Ogun yakan tumbatsa ya shiga Isheri da Agiliti da Ajegunle ta hanyar Ikorodu da bayan kasuwar Mayil 12, kamar yadda ya faru a 2010 da 2019, alhali rana tana haskawa. Saurayi yana iya ɗora katifa a kai ya ratsa ruwa. Tsoho mai sanyin ƙashi da hawan jini, da matarsa, ina za su? Shawararmu a nan gajera ce, kada wanda ya biya ko kwabo a kan fili ko gida sai ya je ya gan shi da idonsa a watan Yuni ko Yuli, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ya dubi bangon maƙwabta, gama ruwa yakan bar shaidarsa a jikin siminti. Ya ɗanɗani ruwan rijiyar unguwar, domin a wurare da yawa na kusa da teku ruwan burtsatse yana da gishiri ko tsatsa, sai an sayi na tanka, wannan kuwa haraji ne na kowane mako a kan ɗan fansho. Iskar gishiri ma tana cin kwanon rufi da ƙarfen taga da sauri fiye da yadda muka saba a nan.

Bayan ruwa sai takarda, kuma a nan ne kuka ya fi yawa. Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, dukan filayen jiha suna hannun gwamna ne, sayen fili kuma ba ya tabbata sai da amincewarsa. A Tsiga idan mutum ya sayi gona, mai unguwa da dagaci da dattawa biyu sun isa shaida, har jikoki ba wanda zai tayar da maganar. A Ikko ba haka ba ne. Akwai waɗanda Yarabawa ke kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa. Waɗansunsu mutanen kirki ne, amma a cikinsu akwai masu sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, sa'an nan su dawo su karɓi kuɗin tushe, kuɗin rufi, har da kuɗin haƙa rijiya. Abin ya yi muni har gwamnatin jihar ta kafa doka a 2016 domin hukunta masu ƙwacen filaye. Amma doka tana Alausa, kai kuwa kana daji da bulo ɗari biyar. Akwai kuma filayen da gwamnati ta riga ta keɓe wa kanta, waɗanda ko shekara ashirin ka yi a kai, ranar da ta tashi bukata katafila ce za ta yi maka sallama. Iyayenmu da suka yi aiki a Ikko a wancan lokaci ba su manta da Maroko ba. A watan Yuli 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka ba mazauna unguwar wa'adin kwana 7, aka rushe ta ƙurmus, mutane kimanin 300,000 suka rasa matsuguni, yau kuwa gidajen masu kuɗi ne a wurin. Kada a ce ai wannan zamanin soja ne. An kori mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017, an kori na Tarkwa Bay a Janairu 2020, a 2024 kuma aikin babbar hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba ya ci gine-gine da yawa. Duk waɗannan wurare abu ɗaya ya haɗa su, suna bakin ruwa, bakin ruwa kuwa a Ikko idon manya yana kansa. Kuɗin lauya da na safiyo, waɗanda za su je ofishin filaye su bincika kafin a biya, ba su kai kashi kaɗan na kuɗin filin ba, amma su ne iyayenmu suka fi ƙyashin biya. Wanda kuma ya sayi fili a Sango Ota, Agbado, Ifo, Mowe ko Ibafo, ya sani ya fita Jihar Legas, takardunsa a Abekuta suke.

A kuma dubi ƙasa da sama. Fili mai araha sau da yawa yana kan bututun mai ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Gobarar bututu ta Abule Egba a Disamba 2006, da ta Ijegun a Mayu 2008, da fashewar Abule Ado a Maris 2020, duk a tsakiyar gidajen mutane suka auku.

Yanzu bari mu zo ga maganar da ba a cika faɗinta a fili ba. Bahaushe Kirista a Ikko yana tsakanin abu biyu. Idan ya zauna a zango, wato Agege, Idi Araba, Mayil 12, Alaba Rago ko Obalende, zai ji Hausa safe da yamma, zai sami tuwon masara da kuka da daddawa, zai sami motar da ke zuwa Funtuwa, zai sami mai kai saƙo gida. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro, suna da sarkinsu, kuma mun ji shaidar kirki daga bakin 'yan'uwanmu game da maƙwabtansu Musulmi a can, masu zuwa gaisuwar rashin lafiya da ta mutuwa kamar yadda muke yi a gida. Amma zango shi ne wurin da wuta ke fara kamawa idan rikicin ƙabilanci ya tashi. An gani a Ketu da Mayil 12 a Nuwamba 1999, an gani a Idi Araba a Fabrairu 2002, an sake gani a Mayil 12 a Maris 2016. A irin wannan rana mai riƙe da adda ba ya tambayar katin baftisma, harshenka da tsagen fuskarka sun ishe shi. Idan kuwa mutum ya guje wa zango ya shiga can cikin unguwar da shi kaɗai ne ɗan Arewa, to ya sami kwanciyar hankali ta wani gefe, amma ya sayi kaɗaici. Mu dai a ganinmu, abin da ya fi shi ne kusa da zango amma ba cikin tsakiyarsa ba, nisan da tsoho zai iya zuwa kasuwa ya dawo da Keke Napep ɗaya, a layin da kabilu suka gauraya, masu gidajen kuma su ne ke zaune a ciki. Yankin Agege da Ifako Ijaye da Abule Egba yana da wannan, ga shi kuma a kan tudu yake idan aka gwada da Lekki ko Aja. Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege da Ikeja da Mushin da Yaba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da mota, musamman tun da aka hana acaba a manyan sassan birnin a 2020 da 2022, kuɗin mota kuma ya haura bayan janye tallafin mai a Mayu 2023.

Amma tambayar da muke so kowane dattijo ya fara yi, tun kafin ruwa da takarda, ita ce wannan: ina majami'ar da zan yi sujada da harshena, kuma minti nawa ne daga ƙofar gidana? Muna iya ganin wani yana murmushi yana cewa ai katikis ne, dole ya ja ruwa zuwa gonarsa. To, a saurara. Mutumin da ke bariki yana da majami'ar bariki, yana da abokan aiki, yana da fareti da ke tashe shi da asuba. Ranar da ya ajiye kaki duk waɗannan sun tafi a lokaci ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ekklesiya. Ita ce za ta lura bai zo sujada ba mako biyu, ta aika a duba. Zumuntar Mata ce za ta kwana da matarsa a asibiti. Kuma mun lura da wani abu game da tsufa, mutum ko ya shekara arba'in yana Turanci da Yarabanci, idan ciwo ya kwantar da shi, da Hausa yake addu'a, waƙoƙin da ya koya a makarantar Lahadi su ne ke dawo masa. Ekklesiyoyin da suka fito daga Arewa, irin su ECWA da COCIN da HEKAN da EYN, sun bi mutanensu har Ikko, akwai kuma inda ake sujada da Hausa. Abin sha'awa ne ma idan aka tuna cewa a Ikko ɗin nan ne Gowans da Kent da Bingham suka sauka a Disamba 1893 da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, yau ga jikokin aikinsu sun koma can suna waƙa da ganga da shantu. Amma kada a dogara da cewa akwai majami'a a Ikko. Ikko ba Malumfashi ba ce. Tafiyar da taswira ta nuna kilomita goma tana iya cin awa biyu a cunkoso, da mota uku, tsoho kuwa zai jure wata shida, daga nan ya fara zuwa sau ɗaya a wata, daga nan sai ranar Jibin Ubangiji, daga nan shiru. A nemi majami'a tukuna, sa'an nan a nemi gida kewaye da ita.

Asibiti ma haka. Asibitin koyarwa na Idi Araba, da na jiha a Ikeja, da asibitin soja na Yaba, da na ƙashi a Igbobi, duk suna cikin tsohon gari ne. Wanda ya yi nisa zuwa bayan Ikorodu ko hanyar Badagiri domin fili ya fi sauƙi, ya lissafa yadda zai kai kansa can da ƙarfe biyun dare.

Ga wanda garatutinsa bai isa gini ba, haya ba abin kunya ba ce, amma a shiga da ido biyu. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai dai masu gidaje da dillalai suna da hanyoyinsu, ga kuɗin dillali, ga kuɗin yarjejeniya. Haya tana hawa kowace shekara, fansho kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Tun da aka sauya tsarin fansho a 2004 zuwa na adashi, ma'aikaci yakan karɓi wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa ba shi wata wata. An fitar da sojoji daga tsarin daga baya, amma tsofaffin 'yan sanda har zanga-zanga suka yi a 2025 saboda ƙanƙantar abin da suke samu. Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. Lissafin a nan shi ne, idan hayar ta ninka cikin shekara biyar, fanshon zai ɗauka? Idan amsar a'a ce, gara ɗaki biyu naka na kanka a kan tudu da takarda mai kyau, da fulat mai kyau na wani. Akwai ma hanya ta uku da ba a cika tunawa da ita ba, wato mutum ya dawo Arewa amma ya zauna cikin gari, Funtuwa ko Zariya ko Kaduna, inda gona ba ta yi nisa ba, haya kuma ba ta kai ta Ikko ba.

Muna roƙo kuma a zauna da uwargida a yi shawarar nan tare. Sau da yawa maigida shi kaɗai yake zuwa ganin fili, shi kaɗai ya san inda takardu suke, sunansa kaɗai ke kai. Amma a yawancin gidajen da muka sani, matar ce ke daɗewa bayan mijin. Ita ce za ta zauna a unguwar nan shekara goma ko goma sha biyar tana gwauruwa, ita ce omo onile za su zo wa, ita ce dangin miji daga gida za su tambaya ina rabonsu. A sa sunanta a takarda, a rubuta wasiyya a gaban fasto da lauya. 'Ya'ya kuwa, waɗanda aka haifa a bariki, Hausarsu ta gaisuwa ce kawai, kada a gina gida bisa zaton za su zauna kusa. Aiki zai kai ɗaya Abuja, ɗaya Fatakwal, wani ma ƙasar waje.

Sai maganar da Bahaushe ba ya son yi da rai, wato ina za a binne ni. Daga Ikko zuwa nan kusan kilomita 1,000 ne, ko ta Ilori da Jaba da Birnin Gwari, ko ta Lokoja da Abuja da Zariya. Mun sha ganin iyali sun ci bashin da ya fi ƙarfinsu domin kawo gawa, ekklesiya a nan ta yi baiko na musamman, a can ma an yi, duk da haka gwauruwa ta koma da bashi. Yusufu ya bar wasiyya a kan ƙasusuwansa tun yana da rai, bai bar 'yan'uwansa cikin gardama ba. Wanda yake so a kawo shi gida, ya faɗa, ya kuma ware kuɗin. Wanda ya yarda a sa shi a Atan ko Matori ko wata maƙabarta a can, ya faɗa a gaban shaidu, dangi a gida kuma su karɓa ba tare da zargin matarsa ba. Ranar tashin matattu ba za a tambayi kowa ta wace hanya aka bi da akwatinsa ba.

Abu ɗaya da muke roƙo da babbar murya shi ne kada a sayar da gonar gado domin a ƙarasa gini a Ikko. Ƙasar Bakori da Danja da Ƙafur tana ba da masara da dawa da waken soya da auduga, buhu goma da ɗan'uwa zai aiko ko ya sayar a kasuwar Bakori ko Dandume yana iya riƙe gida a watannin da fansho ya makara. A ba da ita aro ko jingina ga dangi, da shaidar dattawan ekklesiya a rubuce. Halin tsaro na yau ba shi ne na har abada ba, kuma wanda ke da gona yana da ƙofar dawowa, shi ko ɗansa.

Mu ma a ekklesiyoyin gida akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Kowace majami'a ta san mutanenta da ke Kurmi, ta san kuma waɗanda suka kusa ajiye aiki. Me zai hana sakataren ekklesiya ya rubuta wa majami'ar da suke sujada a can, a haɗa ɗan kwamiti na mutum uku, da lauya ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, gama yanzu muna da su, wanda zai duba takarda kafin dattijo ya biya? Muna ba da shawara a sa wannan cikin ajandar taron majalisar gunduma mai zuwa, a kuma yi maganar da su kansu idan sun zo Kirsimati, bayan an tashi daga sujada, kafin a shiga hidimar shinkafa.